Sarkin Sanyin Mahjar

Duk Jidda babu wanda ya san sanyi kamar Alhaji Gwadabe. Ina za a samu? Mutumin da ya tsufa yana sayar da tsofaffin na'urorin sanyaya ɗaki a Mahjar, har ’yan unguwa suka naɗa shi Sarkin Sanyi. Dusar ƙanƙara kam bai taɓa gani ba sai wadda ke taruwa a firjin gidansa, amma wannan ba abin da zai dami masani ba ne.

Matsalarsa ɗaya ce: iƙamarsa, wato takardar izinin zama a ƙasar, ta mutu tun tuni. Mai irin wannan hali ba shi da kariya sai shiru. Matarsa Mastura, haifaffiyar Jidda mai takardunta lafiya lau, kullum roƙonsa take ya rage baki. Shi kuwa Allah bai halicce shi da shiru ba.

Ana haka ɗansu Abdulghaffar, da ke karatu a wata jami'a can arewacin Amurka, ya bugo waya. Ya ce ya shiga ƙungiyar ɗalibai masu tsere a kan dusar ƙanƙara, ana ɗaura dogayen katakai a ƙafa, a riƙe sanduna biyu, a yi ta zamiya cikin daji. Kafin a ajiye waya Alhaji ya riga ya zama malamin abin.

Ya sayo rigar ulu a gwanjo, ya saka ta a tsakiyar zafin Jidda. Gumi na tsiyaya, shi yana cewa jiki yake horarwa. A walimar wani suna ya miƙe ba wanda ya gayyace shi.

"Jama'a, kuna barci! Yaranku sun kwanta gaban talabijin, nawa yana can yana buɗe huhu. Wannan wasa yana gyara numfashi, yana koyar da haƙuri, yana wasa ƙwaƙwalwa. Ɗalibin da ya saba tashi cikin ƙanƙara, jarrabawa za ta ba shi tsoro? Turawa na ce masa kuros-kwantiri, ma'anarsa da Hausa tsallake ƙasa. Ranar Juma'a bayan la'asar a same ni a filin bayan shagona. Ni da kaina zan nuna yadda ake tsallake ƙasa, kyauta!"

Huhu da haƙuri duk suka bi iska. Kalma biyu ce ta fita daga gidan sunan, ta zaga Mahjar, ta kai Khumra da Bani Malik: Gwadabe yana tsallakar da mutane ƙasa, babu fasfo, babu kafilin da zai tsaya wa mutum.

Mastura ta ce, "Alhaji, wallahi halas, ya isa haka, ka fasa. Taro ba naka ba ne."

Ya ce, "Ke dai kishin ilimi ne ke damun ki."

Ranar Juma'a fili ya cika maƙil. Ɗalibi ko ɗaya babu. Leburori ne da masu tallan turare da tsofaffi, kowa da ƙunshin kayansa, wata har da tukunya. Alhaji ya duba, zuciyarsa ta yi fari ƙal. Ya ce a ransa ashe mutanen nan suna son ilimi. Ya ɗaure ƙafafunsa tamau a kan falankin gado guda biyu, ya kama sandunan tsintsiya, ya fara jan jiki cikin yashi.

Wani dattijo ya ce, "Alhaji, motar fa? Ta ina za mu bi?"

Motar kuwa ta zo, sai dai ta masu binciken takardu ce, taron ya jawo ta. Nan aka ga tseren gaske. Mai tukunya ta haura katanga, dattijon ya wuce samari. Kafin ƙura ta lafa fili ya zama wayam, saura malamin tsere shi kaɗai, yana kokawa da igiyar da ya ƙulle da hannunsa.

Jami'in ya dube shi sama da ƙasa, ya ce, "Iƙama, ya hajj."

Alhaji ya fara bayanin huhu.

"Yalla, yalla," in ji jami'in, yana tura shi cikin mota.

Mastura ta yi kuka, gaskiya ta yi, don tana son mijinta da duk surutunsa. Da Abdulghaffar ya bugo yana ƙorafin an bar shi a baya a gasar jami'o'i, ta share hawaye ta ce, "Kai dai ka ƙara himma, ya waladi. Ubanka fita ɗaya ya yi, ga shi can a Kano."