Tayoyin Bazara a Ƙofar Masallaci

Abubuwa uku na jefa cikin haɗari: jar motata mai kujera biyu, fitilunta, da sunana na dillalin mota wanda ba a koya wa sana'a.

Sule mai faci, ɗan Kumasi da muke zaune tare a nan ƙasar Turawa, ya gargaɗe ni. "Alhaji, waɗannan tayoyin bazara ne. Sanyi na shigowa za su sandare kamar dutse. Sa na kowane yanayi."

Na daki tayar da ƙafa, yadda muke gwadawa a gida. "Sule, ina tura motoci Kwatano kana zanen goyo. Taya taya ce."

Juma'ar da dusar ƙanƙara ta fara sauka na tafi masallaci a unguwar Tremont da motar, don a gani. An kuwa gani. Ina taka birki a ƙofa, sai santsi ya kwashe ta, ta juya cikin natsuwa, ta gogi turken lantarki, ta tsaya tana kallon inda na fito. Dattawa suka naɗe riguna suka turo ni gefe.

Wani tsoho ɗan Maraɗi ya leƙo ta taga. "Alhaji, alƙibla kake nema?"

Asara: fitila ɗaya, da komawa wurin Sule kai a sunkuye. Riba: sabon suna. Har yaran unguwa Alhaji Alƙibla suke kirana.