Ƙarfen Ƙafata da Jakin Surukina

Ba zan taɓa mantawa da ranar da aka ciro min ƙarfe daga ƙafa ba, ko da na so, don mutanen garin nan ba su san a bar magana ta mutu ba.

Zamanin Turawa ne, ina sayar da yadi. Raƙumin wani Buzu ya make ni a bakin kasuwa, ƙaurina ya karye. Maɗori ya yi iya yinsa, ƙashi ya ƙi kamawa, sai likita Bature ya tsaga, ya ɗora ƙarfe a jikin ƙashin, ya ɗaure da kusoshi. Ina barci aka yi komai, ban ga ƙarfen da idona ba. Wannan bai hana ni auna wa jama'a shi ba.

Da farko na ce ya kai tsawon wuƙa. Da na ga ana zaro ido, ya koma takobi. Har baƙin da suka zo ziyarar Hubbare ana kawowa rumfata su shafa ƙafar (wasu su sayi yadi, ban hana ba).

Surukina, mahaifin matata Hassi, maƙeri ne, mutum mai tsare gida, wanda tun auren yake min kallon mai surutun banza. Ganin girmana nake nema a wajensa ido rufe. Shi ya sa rannan na duƙa na ce, "Baba, ran da anka hidda ƙarhen, naka na. Ya ishe ka garma."

"To, Allah shi kai mu," ya ce.

Allah kuwa ya kai mu. Ƙashi ya haɗe, kusa ɗaya ta fara ci na, likita ya ce a cire. Aka shaƙa min maganin barci, ya bi tsohon tabon ya tsaga, ya warware kusoshin, ya ɗinke.

Na farka ina amai, na ga Baba tsaye a kaina da maƙera abokansa. Ta taga kuma ga jaki a ɗaure, da mangala. Wallahi da jaki ya zo ɗaukar ƙarfen!

Malamin asibiti ya miƙo masa wata 'yar tasa. Abin da ke ciki bai kai ɗan yatsana ba, ga 'yan kusoshi kamar ƙwayar dawa.

Baba ya juya shi a tafin hannu. "Wanga na? Ko sauran na ciki?"

Na rufe ido na yi kamar maganin bai sake ni ba. Na ji kunyar da ta fi ɗinkin zafi.

Bai taɓa yi min gori ba, mutumin kirki. Ya dai ƙera matsefata da ƙarfen, ya rataya a wuya. Duk taron da muka haɗu sai ya ciro ta, ya tambayi jama'a ko akwai mai ƙaya, a cire masa da garmar surukinsa.

Tun daga nan ban ƙara faɗin girman abin da ban gani ba, musamman gaban mai jaki.