Hambali Bahago da Haƙorin Suruki

Duk makarantar koyon aikin haƙori babu wanda bai san bakin Hambali ba. Bahago ne tun haihuwa, amma ka kuskura ka ce masa bahago, ranar za ku raba hali. Wai shi hannayensa biyu duk na dama ne. Alhali kullum sai ya faki idon malamai ya zagaya ɗaya gefen kujera, ya yi aikinsa da hagu. A unguwar su Bilki budurwarsa kuwa tuni ya zama "Likita", mai cire wa mutum haƙori yana barci bai farka ba.

Ramin ƙarya ƙurarre ne. Ana gab da magabatansa su je neman aure, sai ciwon haƙori ya tasa Alhaji Tanimu, mahaifin Bilki, a gaba. Ya iso asibitin makarantar kumatu suntum, ya rantse babu mai taɓa bakinsa sai yaron nan Likita.

Nan fa ake yin ta. Hannun hagu ne ya iya aiki, to amma wane marar kunya ne zai yi wa bakin suruki aiki da hannun tsarki? Malamarsu, Dakta Rakiya, ta raɗa masa ya bari ta karɓa. Ya buga ƙirji, ya ce ai wannan ƙaramin alhaki ne.

Ya ɗauki allurar kashe zafi da dama, ya ɗan ja leɓen Alhaji da yatsan hagu. Ya runtse ido, ya caka, ya tsiyaye ruwan tas.

"Baba, yanzu za ka ji wurin ya mutu."

"Ni fa ko sauro bai cije ni ba," in ji Alhaji.

Hambali ya buɗe ido, sai ga allura tsaye ƙyam a babban yatsansa na hagu, ta huda safar hannu. Kafin ka ce kwabo yatsu sun mutu murus. Ya ɗauki abin cire haƙori da hagun dole, ya suɓuce ƙwal a ƙasa. Dakta Rakiya ce ta ture shi gefe ta cire haƙorin.

Alhaji ya miƙe, auduga a baki, ya dubi Hambali rungume da hannunsa kamar mai jego.

"Sannu, Likita. Ni da ciwo, kai da shan allura. Ka ce wa magabatanka su dakata tukuna, sai hannun ya farfaɗo."