Yadda Za Ka Yaudari Likitan Cikin Portabul

Kai dattijon da ɗiyarka ta zo daga birni ta saka maka likita cikin portabul, wato wayar hannu, matso kusa. Ni Alkasim na Bawdeta, shekarata saba'in da biyu, wata huɗu na yi ina kokawa da abin nan. Bi matakan da zan ba ka, na yi maka alkawari za ka ci kilishinka da gishirinsa babu mai ce maka uffan.

1. Karɓi da hannu biyu

Kada ka ce ba ka so. Mai gardama shi ake sa wa ido.

Ɗiyata Zulfa, wadda ke koyarwa a lakwal a Tasawa, ita ta kawo mini abin awon tansiyo, wato hawan jini. Ta ɗaura mini shi a damtse, ta nuna mini yadda yake aika lamba cikin portabul, portabul kuma ya miƙa ta ga majo, babbar ma'aikaciyar asibitin garinmu.

Ta ce, "Baba, safe da marece zai tuna maka magani. Ni ma ina gani daga can."

Na ce, "Allah shi yi maki albarka." Haka za ka ce kai ma, ka raka ta har tasha.

2. Ɗora wa rezo laifi

In ɗiyarka ta kira ta ce ba ta ga komi ba, ka ce rezon ƙauye ne, waya ba ta kamawa. Gobe ka ce caji ya ƙare. Jibi ka ce yatsanka ya yi kaushi saboda fartanya, gilashin ba ya jin sa.

Wannan dabara tana kai sati uku. Ni a na huɗu aka aiko mini da farantin sola cikin motar kasuwa, da kwalbar man shafawa don yatsan.

3. Yi masa ƙarya cikin natsuwa

Muryar wata mace za ta fito ta ce, "Lokacin shan magani ya yi." Danna koren wurin da ke nufin ka sha, ka jefa ƙwayar cikin aljihu. Portabul ba ya leƙa maƙogwaro.

Amma ka kiyayi uwargida. Tawa, Hajjo, tun ranar farko ta ƙulla zumunci da muryar nan. Tana gaishe ta, tana ba ta labarin ciwon gwiwarta, tana kiranta "yarinyar nan mai ladabi". Ranar wanki ta zazzage rigata, ƙwayoyi goma sha tara suka zube kan tabarma.

Ta ce, "Malam, ashe aljihun ne ke da hawan jini?"

Ka yi tari, ka ce za ka masallaci.

4. Ari hannun wani

Sau biyu a sati dole ka yi awo, kuma nan danna kore ba ya aiki. Tawa lambar kullum sha bakwai, alhali ƙasa da sha huɗu ake so, kullum majo na kira tana maganar gishiri. To, tunda na'urar ba ta san fuskar kowa ba, ba ta hannun mai lafiya.

Zaɓi da kyau. Ni na zaɓi Jibo, abokina tun muna kiwon awaki. Siriri ne kamar karan gero, shi ke noman gonarsa har yau, bai taɓa kwana asibiti ba. Da hantsi na same shi gindin gawo zai koma gona, na ɗaura masa. Abin ya kumbura, ya saki. Sai ga ashirin da biyu, da jan rubutu, portabul ya kama kuka.

Jibo ya ce, "To yaya? Na ci?"

Na ce masa lallai ya fi ni.

5. In majo ta iso, ka san abin da za ka ce

Ban gama kwance igiyar abin awon ba Zulfa ta kira. "Baba, kwanta! Kada ka motsa, ga majo nan tafe!"

Majo Umaima ta iso kan moto, ta jefar da shi ba ta ko kafe shi ba. Ta auna ni da nata abin awon, ta ga sha shida. Ta sake, sha shida. Ta dube ni.

A nan gwani zai ce na'urar ce ta lalace, a wuce wurin. Maganar tana bakina. Sai na waiwaya na ga Jibo yana murza ƙeya, ya ɗauki fartanya ta suɓuce masa, ya sake ɗauka da ɗaya hannun.

Na ce, "Majo, ba hannuna ba ne. Nasa ne."

Ta juya kansa. "Baba Jibo, tun yaushe kanka ke ciwo?"

"Kwana uku. Rana ce kawai. Hannun ma yau da safe ya fara nauyi."

Ba ta bar shi ya je gida canza riga ba. Kwanansa biyar a asibitin Tasawa. Likitan da ya duba shi ya ce da ya shiga gona ranar nan, da ɗauko shi za a yi. Ina zaune kan benci a waje da fartanyarsa a hannuna, don na manta ban ajiye ta ba.

6. Sha kunyarka a zaune

Ka shirya wa faɗa, amma mai yiwuwa ba za a yi maka ba, kuma wannan ya fi zafi. Zulfa ta zo ran Asabar, ta zauna bakin tabarmata.

Sai ta ce, "Baba, ina gaban allo na ga lambar nan. Na bar ɗalibai na fito waje ina neman mota, ban san ko zan tarar da kai ba."

Na ce da Hajjo ta kawo ruwa. Na haɗiye ƙwayar a gabansu, sannan na danna kore. In kai ma ka kawo nan, ka ce dama ka yi niyyar farawa wannan satin.

Yanzu Jibo ma an saka masa nasa. Kullum bayan sallar asuba yana zuwa da sanda da portabul, mu yi awo tare, kowa da hannunsa, Hajjo na tsaye tana shaida.

Gargaɗi: wanda ya bi matakan nan aka kama shi, ko ya yi rashin sa'a ba a kama shi ba, babu ruwana, kuma kada a kai sunana gaban majo. Mai ƙorafi ya jira, ina da nawa rikicin. Yau na samu sha huɗu, Jibo sha biyar, ya ce na'urata na son kai, kuma tun safe bai yi mini magana ba.