Rasuwar Dattijo, Keken da Aka Cire Daga Hoto

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, da kuma wata tambaya da ta hana ni sakat, nake sanar da 'yan uwa, da abokan aikina malamai, da tsofaffin ɗalibaina, da 'yan ƙungiyarmu ta masu hawan keke da safiyar Asabar, rasuwar kekena, wanda yaran makaranta suka raɗa wa suna Dattijo. Ya rasu ranar Asabar da ta gabata, da hantsi, a bayan shagon shayin da muke yada zango, a ƙarƙashin tayar motar da ke kawo lemon kwalba. Bai yi doguwar jinya ba, bai yi gajeriya ba. Lafiya lau na bar shi, a tsaye da ƙafarsa, a gaban shagon. Yadda aka yi ya koma bayan shagon shi ne abin da har yau ba wanda ya yi mini bayani.

Marigayin baƙin keke ne na ƙarfe, mai nauyi, mai kunya. Sunan kamfanin da ya ƙera shi ya goge daga jikinsa tun ban fara furfura ba, ni ma na manta shi, shi kuma bai taɓa damuwa ba. Shi ya riƙa kai ni makaranta da littattafan yara a ɗaure a kariyarsa. A kan wannan kariyar 'yata ta yi firamare, tana miƙo hannu ta ƙarƙashin hammatata tana kaɗa ƙararrawa ko babu kowa a hanya. Ba mai yawan magana ba ne. Kacarsa takan ce ƙiris, ƙiris in ta ji ƙishin mai. Sirdinsa yakan yi ƙiiƙ in mun faɗa rami, kamar mai ba da haƙuri a madadin titin. Birkinsa yakan yi fito in an yi ruwa. Ban da waɗannan, ban taɓa jin ya yi ƙorafi ba.

Mijin 'yata, wanda abokansa ke kira Injiniya, shi ya kai mu ƙungiyar. Likita ne ya ce in riƙa motsa jini, sai surukin nawa ya ce, "Baba, ai sai ka biyo mu ranar Asabar." Na gode masa, na je. Daga yadda ya dubi Dattijo a safiyar farko na gane ni kaɗai ya gayyata.

Ga wanda bai san irin wannan ƙungiya ba, ya kamata in ɗan yi bayani. Mutane ne masu kirki, amma keke suke fara gaisarwa kafin mai shi. Sai sun karanta sunan da ke jikin kekenka sannan su ɗago su ga ko kana da fuska. Kowane suna kuma akwai hukuncin da aka riga aka yanke wa masu hawansa. Masu wannan kamfani, wai jiya suka yi arziki. Masu wancan, wai ba su san keke ba, talla ce ta ja su. Akwai wani suna mai wuyar faɗa da in kana hawansa ko ba ka iya kwana ba za a ba ka kujerar tsakiya. Kekunansu ba na ƙarfe ba ne, na wani abu ne da ake kira kabon, marasa nauyi kamar kwali, kuma gaisuwar girmamawa ita ce a ɗaga keken mutum da yatsa biyu a jinjina kai. Ba a sa ƙararrawa, ba a sa kariya, ba a sa ƙafar tsayawa. Safa fara ce, tsayinta ɗaya. Kaca ba a sa mata mai, a cikin narkakken kakin kyandir ake tsoma ta, don kada ta ɓata wa kowa ƙwauri. Ina roƙon mai karatu ya riƙe waɗannan biyun, ƙafar tsayawa da kakin, za mu dawo kansu.

Wani likitan haƙori da ke cikinmu ya gwada ɗaga Dattijo da yatsa biyu a ranar farko. Da ya ƙi motsi sai ya ce, "Malam, wannan keke ne ko gadon asibiti?" Aka yi dariya, ni ma na yi. Na daɗe a aji, na san tsokanar da ake yi don a jawo mutum kusa, na san wadda ake yi don a nuna masa ƙofa. Na ɗauki tasa a ta farko, domin haka na saba yi wa yara har sai sun nuna mini na yi kuskure. Don gaskiya kuma, mu ne na ƙarshe a kowace fita. Sukan iso shagon shayi su huta kafin a hango mu. Dattijo bai taɓa musun haka ba.

Akwai al'adar hoto. In an iso shagon, sai a jera kekuna a jikin farin bangon gaba, ɓangaren kaca yana waje, sunaye suna kallon kyamara, mafi daraja a tsakiya. Masu su su tsaya a gefensu, a ɗauka, a sa a intanet. Dattijo ba ya bukatar bango tunda yana da ƙafarsa, don haka yakan tsaya daga can gefe. A hotunan farko yana fitowa gaba ɗayansa. Daga baya sai rabinsa. Sannan tayar gaba kawai. A na makon da ya wuce kafin rasuwarsa, inuwarsa ce kaɗai ta samu shiga. Na tambayi Shugaban ƙungiya a hankali, ya ce, "Wallahi, Malam, kyamarar ce ba ta da faɗi." Na lura dai faɗinta yakan ƙaru duk ranar da wani ya zo da sabon keke.

A ranar da abin ya faru, na kafe shi a inda ya saba, na shiga ciki wanke hannu. Ina fitowa aka hau kirana, aka ja ni tsakiyar layi, wurin da ban taɓa tsayawa ba. Shugaba ya dafa kafaɗata. Na waiga ina neman Dattijo, likitan haƙori ya ce, "Nan za ka kalla, Malam, a nuna mana haƙoran nan." Na kalla, na yi murmushi. A cikin wannan murmushin ne muka ji motar lemo ta tashi a bayan shago, ta yi baya, sai ƙarar ƙarfe yana lanƙwashewa. Daga ƙarshe ƙararrawa ta ce ƙirrin, sau ɗaya. Kalmarsa ta ƙarshe ke nan.

Ina so a sani cewa ba ni da komai a zuciyata game da direban motar. Ya sauko, ya rantse cewa lokacin da ya tsaya babu komai a bayansa, kuma na yarda da shi. Abin da na gani da na durƙusa a kan gawar shi ya ƙara wanke shi. Ƙafar tsayawar a naɗe take. Wanda ya tura Dattijo bayan shago bai kafe shi ba, jingina shi ya yi a jikin bayan motar, kamar yadda ake jingina keke a bango. To, mai shayi ba zai yi haka ba. Direba ba zai yi ba. Ko yaron da ya fara koyon keke jiya, in ka ba shi Dattijo, da ƙafa zai tankwaɓo ƙarfen nan ya kafe shi. Sai mutumin da ya daɗe yana hawan keken da ba ya iya tsayuwa da kansa ne hannunsa zai manta, ya nemi abin jingina. Irin waɗannan mutane kuwa a safiyar nan duk a layin hoto suke, sanye da farar safa.

Da la'asar ɗin ranar, tun ban gama cire ciyawa daga kacar marigayin ba, sai ga sabon keke an kawo ƙofar gidana. Na kabon ne, da sunan nan mai wuyar faɗa shimfiɗe a jikinsa. Shugaba ya bugo waya ya ce, "Haɗa hannu muka yi, Malam, don a rage maka raɗaɗi." Na yi godiya, kuma har yanzu ina godiya. Amma da na tsaya kusa da shi sai na ga an daidaita sirdin daidai tsayin ƙafata, babu ƙari babu ragi. Mai shagon kekunan da ya kawo shi, da na yaba masa saurin aiki, ya ce ai tun watan jiya yake ajiye a wurinsa. Sai na tuna cewa watan jiyan ne surukina ya karɓi tsohon wandona a hannun uwargida, wai zai ba tela gwaji. Ban ce an shirya kisa ba. Mai yiwuwa kyauta ce aka daɗe ana shiryawa, ajali ya riga ta. Sai dai in mutum ya ga an haƙa kabari tun mara lafiya yana yawo da ƙafarsa, ba laifi ba ne in ya tambayi wanda ya yi awo.

Saura maganar kaki. Dattijo shi kaɗai ne a ƙungiyar nan yake shan baƙin mai, kuma yana da hali ɗaya da na kasa raba shi da shi: duk wanda ya tura shi ta hannun dama, sai farantin kacarsa ya buga masa hatimi a ƙwauri, baƙi, mai siffar haƙora. Ranar Lahadi ina zaune a falo ina duba aikin yara, na ji 'yata ta kira mahaifiyarta a waya. Uwargida kuwa ba ta iya waya ba sai ta buɗe muryar wayar kowa ya ji. Na ji 'yata tana cewa, "Umma, wane sabulu ne ke fitar da baƙin mai daga farar safa? Abin kamar cizon haƙora, na dirza har hannuna ya yi ja." Uwargida ta dube ni, na dubi littafin da ke gabana. Na ba wani yaro maki a kan amsar da ban karanta ba, washegari na nemi littafin na gyara.

Adalci ya sa in faɗi cewa safa tana iya gogar kaca ta hanyoyi da yawa. Na kuma sake duba hoton ranar da tabarau. Shugaba ya ɓoye ƙafarsa ta dama a bayan taya. Likitan haƙori ya juya gefe. Surukina yana can ƙarshen layi, inda Dattijo ya saba tsayawa, kuma shi kaɗai ne bai kalli kyamara ba. Wataƙila hannu ɗaya ya tura, bakuna da yawa suka ce a tura. Ban ambaci sunan kowa a matsayin mai laifi ba, ba kuma zan ambata ba.

Ƙarfe ne, na sani, kuma kowane ƙarfe da ranarsa. Abin da ya dame ni ya fi ƙarfe. Tun ranar Asabar mahaifin jikokina yake gaishe ni yana kallon ƙasa. Ya kawo yaran ya tsaya a mota, wanda a da sai an kore shi daga falona. Na san wannan shirun, na gan shi a aji sau da yawa, kuma na san in aka bar shi ya kwana biyu sai ya zama hali. Ba na so ya zauna tsakanin gidana da gidan 'yata.

Marigayin ya rasu ya bar ƙararrawa, wadda ta fita ba ko ƙwarzane. Ya bar ƙafar tsayawa, da ba a ba ta dama ta yi aikinta ba. Ya bar kariya, tana jinyar targaɗe amma ana sa ran za ta miƙe, da famfo, da sirdi mai ɗauke da siffar mai shi. Ya kuma bar ni, da uwargida, da mai facin bakin layinmu wanda ya yi ta ɗawainiya da shi tsawon rayuwarsa, wanda da ya ga gawar sai da ya cire hula ya zauna.

Za a yi rakiya ranar Asabar mai zuwa, a lokacin da muka saba fita. Za a tashi daga ƙofar gidana, gawar tana cikin baro, mai faci yana turawa. Ana roƙon 'yan ƙungiya su zo da kekunansu, su yi tafiya irin ta marigayin, kada kowa ya wuce baro. Za a tsaya a shagon shayi a ɗauki hoto a jikin farin bango, Dattijo a tsakiya, ɓangaren kaca yana waje. Daga nan za a wuce da shi rumfar mai faci, inda za a rataye shi a ƙusa mai kallon titi.

Kafin a bar shagon shayin, zan ajiye ƙararrawar a kan tebur, in juya baya in fuskanci bango, kamar yadda nake yi a aji in biron wani ya ɓata. Wanda ya tura Dattijo bayan shago ya kaɗa ta sau ɗaya. Ba zan waiga ba, ba zan tambaya ba, ba kuma za a sake ta da maganar a gidana ba. In na ji ƙararta, zan karɓi sabon keken da hannu biyu, mai faci ya ɗaura masa ƙararrawa da kariya da ƙafar tsayawa, mu ci gaba da fita tare. In ban ji ba, za a mayar da shi shago da ledarsa, ni kuma in koma duba aikin yara da safiyar Asabar.

Ƙararrawar takan ɗan cije, sai an danna ta da babban yatsa daga ƙasa. Wanda bai iya ba, ya tambayi 'yata kafin Asabar. Ta fi kowa sanin ta.

Allah Ya ba mu haƙurin rashi.

Sanarwa daga mai keken, a madadin iyalai.