Garau-garaun Jamaika

Gonata na sayar na buɗe gidan abinci a Gummi. Ranar buɗewa na tara dangi, na tsaya gaban tukunya ina hura hanci. Na ce wajen wani kuku ɗan Jamaika na koyo a Legas, yau za su ci abincin Karibiyan da ko a mafarki ba su taɓa gani ba.

Innata ta ɗaga murfi, sai ga shinkafa da wake.

"Ɗan nan, wanga ai garau-garau na! Shi kat tahi Legas koyo?"

Na ce akwai madarar kwakwa ciki. Dariya ta hana kowa ji.

Yau har daga Anka da Bukkuyum ake zuwa, benci ba ya isa. Amma ba mai karanta sunan da na rubuta a allon gidan. Gidan Alhaji Garau-garau kowa yake tambaya.