Zanen Khoi a Kan Asabarin Kaka Sau

"Tsohuwa mai ran ƙarfe, ashe kin kwana? Na ɗauka yau za mu raba gado."

"Na kwana, ja'iri. Gadon me, kai da ko wandon kirki ba ka da shi?"

Haka Khoi da kakarsa, Kaka Sau, suke gaisawa kullum, mu maƙwabta a garin Cu Chi har mun daina juyowa. Ita sana'arta siririyar wainar shinkafa, wadda take shanyawa a kan asabarin gora. Shi kuwa yaron shago ne a birnin Saigon, inda ake kwaikwayon zanen tsofaffin Turawa da fentin mai. Ya daɗe yana wankin burushi, sai bana maigidansa ya ba shi gwaji: zanen gonar alkama da dogayen itatuwa, da sama mai murɗe-murɗe. A ranar da nake ba ku labari, da yamma maigidan zai zo ya duba. In ya yi kyau Khoi ya samu kujerarsa a shago, in bai yi ba ya koma bakin bokiti.

Khoi ya leƙa ɗaki, ya fito da sauri.

"Kaka, ina zanena?"

"Yana shan rana. Sati guda kana kukan bai bushe ba, ni kuwa tun kafin a haifi ubanka nake shanya."

Ya ruga tsakar gida. Ga zanen can tsakanin waina, a kife. Da ya ɗaga, saƙar gora ta fito raɗau a kan saman da ya zana, gida-gida. Ni kaina da na leƙo ta katanga na hango ta.

"Kife shi kika yi?"

"To in bar wa ƙudaje? Da kaji?"

"Wayyo! Garin neman gira an rasa ido. Wannan fenti ne, tsohuwa, ba ƙullun shinkafa ba!"

"Gyara na yi maka. Wane irin sama ne wannan, kamar an dama kunu an bar ludayi a ciki? Baturen naka ko dai zazzaɓi yake yi, ko ya sha ya yi tatil."

"Mutane daga ko'ina suke zuwa kallon aikinsa."

"Su zo su kalli nawa. Layina ya fi nasa miƙewa. Kuma wane malalacin manomi ne hatsi ya nuna haka bai girbe ba?"

"Alkama ce."

"Ko ma mece ce. Abin da babba ya hango, yaro ko ya hau rimi ba zai hango ba."

"Ke da ba kya hango ƙofar ɗakinki sai da tabarau? Jiya kare kika gaisar, kina tambayarsa ya yara."

"Ya fi ka ladabi, ya amsa."

Khoi bai yi dariya ba. Ya zauna a kan turmi, ya rungume zanen.

"Fentin bai bushe ba, zan iya kankare saman in sake kafin yamma. Amma shuɗina ya ƙare kaf, Kaka. Shi ke nan, na koma wankin burushi."

Kaka Sau ta yi ta gyaran wainar da ba ta buƙatar gyara. Can ta sa hannu a aljihun rigarta, ta jefa masa sabon fenti shuɗi, ko buɗe shi ba a yi ba.

"Ina kika samo wannan?"

"Ina kifewa na ɗaga na ga ɓarnar da na yi. Kana ta minshari na hau babur ɗin ɗan maƙwabcinmu Ut har kasuwa, na tsaya sai da mai shago ya buɗe."

"Ashe kin sani! Me ya sa kika mayar da shi kan asabari?"

"In faɗa maka da bakina? Ka yi ta yi mini gori har kabari?"

Khoi ya fashe da dariya, yana share ido da gefen hannu.

"To kin amsa laifinki?"

"Na amsa, ɗan nema. Tashi ka dama kununka, ni zan riƙe maka mafici."